Adalin shugaba guda, ko tsarin da zai iya sauke azzalumi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in amayar da ita, masana su gyara mini in na kauce hanya. Tun muna yara ake karantar da mu cewa dimokuraɗiyya ba ta da na biyu a tsarin mulki. Amma abin da idona yake gani daban ne. Ƙasa ta yi zaɓe sau biyar, sau shida, a narkar da dukiya, wa ya daina gaisawa da ƙaninsa saboda jam'iyya, a ƙarshe talaka yana nan inda aka bar shi. Sai kuma ka waiwayi Singafo. Lee Kuan Yew ya riƙe ta daga 1959 zuwa 1990, ƙasar da ko ruwan sha sai ta sayo daga Malesiya, amma ya bar ta cikin sahun masu arziki. Park Chung-hee soja ne, da juyin mulki ya hau a 1961, kuma a hannunsa Koriya ta Kudu ta kama hanyar masana'antu. Sin ba ta zaɓen jam'iyyu, amma tun daga gyaran tattalin arzikin da Deng Xiaoping ya fara a 1978 ta fitar da ɗaruruwan miliyoyin mutane daga ƙangin talauci. To me zai hana mu yarda cewa abin da al'umma take buƙata mutum ne guda, adali, mai hangen nesa, a sakar masa mara ya yi aiki? Ba ni na fara wannan tunani ba. Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, shi ma ya ce masani ne ya kamata ya yi mulki, ba taron jama'a ba. Kuma yana da dalili, domin jama'ar Atina ce ta kaɗa ƙuri'a aka kashe malaminsa Sukurat a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ɗan'azumi:
Malam ka gama magana! Shekara huɗu kacal Thomas Sankara ya yi yana mulkin Burkina Faso, daga 1983 zuwa 1987, amma har yau ana kewarsa. Ya yi wa yara rigakafi, ya dasa itatuwa, ya sayar da motocin alfarma na ministoci. Wane zaɓaɓɓen shugaba ne zai yi haka? Yana hawa sai tunanin tazarce.

Hajiya Rakiya:
Wa'alaikumus salam. Malam Habibu, na karanta rubutunka sau biyu, domin tambayar ba ta wasa ba ce, kuma raɗaɗin da ya sa ka yi ta ni ma ina jin sa. Amma ina so ka lura da kalma ɗaya da ka jingina komai a kanta: adali. Ka riga ka ɗauka cewa mutumin da za a sakar wa mara adali ne. Wa ya ba mu wannan tabbacin? Ƙofar da Park ya shigo ta cikinta, ta nan Mobutu ya shigo a 1965 ya zauna shekara 32 yana wawure Kwango. Ta nan Siad Barre ya shigo Somaliya a 1969, ta nan Idi Amin ya shigo Yuganda a 1971. Ranar da kowannensu ya hau akwai masu murna a kan titi, kuma ba wawaye ba ne, mutane ne da suka gaji kamar yadda ka gaji. Ka ambaci uku da suka yi nasara, ni zan iya jero maka ninkinsu da suka nutsar da ƙasashensu. Idan an buɗe ƙofar, ba ka da ikon tantance wanda zai shigo.

Sannan ko an yi sa'ar adalin, sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna: in ya mutu fa? Ɗan'azumi, ɗana, kai da kanka ka kawo mini hujja. An kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987. Wa ya gaje shi? Blaise Compaoré, ya kuma yi shekara 27. Babu majalisa mai ƙarfi, babu kotu mai haƙori, babu jam'iyyar adawa da za ta tsaya ta ce a'a, domin duk alherin da aka yi a jikin mutum guda aka rataye shi. Da aka harbi mutumin, sai aka harbi alherin tare da shi.

Ɗan'azumi:
Amma Mama ai cin amana aka yi masa, ba laifin tsarinsa ba ne.

Hajiya Rakiya:
Tsarin da cin amanar dare ɗaya zai rushe shi gaba ɗaya, ai wannan shi ne aibinsa. A Amurka an kashe Shugaba Lincoln a 1865, an kashe Shugaba Kennedy a 1963, mataimaki ya yi rantsuwa, zaɓe na gaba ya zo a kan lokacinsa. Ba wai Amurkawa sun fi kowa tsoron Allah ba ne. An dai riga an rubuta abin da za a yi, kuma masu riƙe da bindiga sun yarda su bi rubutun.

Ustaz Nuhu:
Hajiya ta taɓo wurin da nake so. Mu duba tarihin Musulunci, domin wasu suna ɗauka mulkin mutum guda marar tuhuma shi ne namu, shawara da bin diddigi kuma na Turawa. Ba haka ba ne. A huɗubar da Sayyidina Abubakar ya yi bayan mubaya'a ya ce an ɗora shi a kan mutane alhali ba shi ne mafificinsu ba, in ya kyautata a taimake shi, in ya karkace a miƙar da shi. Sayyidina Umar kuma da ajali ya matso, bai naɗa ɗansa ba, mutum shida ya ware su yi shawara su fitar da ɗaya. Sannan ga misalin da ya fi dacewa da tambayar Malam Habibu: Umar ɗan Abdul'aziz. Babu mai jayayya a kan adalcinsa. Ya yi mulki daga 717 zuwa 720, bai cika shekara uku ba. Ya mayar da dukiyar da danginsa suka ƙwace, ya gyara sha'anin haraji. Yana rasuwa aka koma gidan jiya, shekara 30 bayan haka daular Banu Umayya ta faɗi. Adalin ya zo, ya tafi, amma gadon sarautar da ya tarar shi ya ci gaba.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. Na karɓi wannan. Amma Hajiya, da girmamawa, kin kauce wa rabin tambayata. Na yarda mulkin mutum guda caca ne. Dimokuraɗiyya fa, ba caca ba ce? Hitler ba da tankar yaƙi ya shiga fadar gwamnati ba. Kuma mai jin yunwa ba takardar tsarin mulki zai ci ba.

Barista Nafi'u:
Bari in gyara batun Hitler, saboda ana yawan kawo shi a gurguje. Jam'iyyarsa ba ta taɓa samun rinjayen sama da rabi a zaɓe na gaskiya ba. A watan Yulin 1932 kashi 37 cikin ɗari ta samu. Manyan 'yan siyasa ne suka lallashi Shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati a Janairun 1933, suna ganin za su juya shi yadda suke so. A watan Maris majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba. Wato bala'in ya tabbata ne ranar da aka yi abin da kake ba da shawara, aka ce ga mutum mai ƙarfi, a cire masa takunkumi ya gyara ƙasa.

Malam Habibu:
Barista, ban ce a ba mahaukaci ba.

Barista Nafi'u:
Na sani Malam, kuma ban zarge ka da haka ba. Su ma waɗanda suka miƙa masa ba su ɗauka mahaukaci suke ba wa ba.

Malama Sa'adatu:
Ni maganar yunwa ce ta tsaya mini. Malam Habibu ya ce mai yunwa ba takarda zai ci ba, gaskiya ne, amma akwai abin da masanin tattalin arziki Amartya Sen ya lura da shi: ba a samun gagarumar yunwa mai kashe jama'a a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma jarida take da 'yanci. Indiya ta yi mummunar yunwa a yankin Bengal a 1943, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, miliyoyi suka mutu. Tun da ta samu 'yanci a 1947 ba a sake irinta ba, duk da talaucin da ta daɗe tana fama da shi. Sin kuwa, wadda ka yaba, daga 1959 zuwa 1961 ta yi yunwar da ta ci gomman miliyoyin rayuka. Dalilin shi ne abin lura. Jami'an ƙauyuka suna tsoron faɗin gaskiya, sai su ƙara yawan amfanin gonar da aka samu a takarda. Gwamnati ta karɓi kasonta bisa wannan lissafin ƙarya, manomi ya tashi ba komai. Babu jaridar da za ta buga, babu ɗan adawar da zai yi ihu. Shugaban da kowa ke tsoronsa shi ne na ƙarshe da yake jin labarin abin da ke faruwa a ƙasarsa. Jam'iyya ɗaya ce ta yi yunwar ta kuma yi bunƙasar da ta biyo baya, ba daidai ba ne mu ɗauki ɗaya mu rufe ido a kan ɗayar.

Auwalu:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni dai a ganina duk sunaye ne. Mulukiyya, gurguzu, jari-hujja, dimokuraɗiyya, masu kuɗi ne ke juya kowanne.

Baba Lawal:
Auwalu, ɗana, kada ka yi saurin yanke ƙauna, ko da yake maganarka tana da tushe. Aristotul, masanin falsafar Girka, ya riga ka faɗin wani abu mai kama da ita. Ya ce mulki ko na mutum ɗaya ne, ko na 'yan kaɗan, ko na masu yawa, kuma kowanne yana da lafiyayye da ruɓaɓɓe. Abin da ke rarrabe su shi ne, don wa ake mulkin, don jama'a ko don mai mulkin? Sarki ya lalace ya zama fir'auna, dattawa su lalace su zama gungun masu kuɗi, jama'a su lalace su zama taron da mai baki ke kaɗawa. Shi ya sa ya fi son a gauraya su, kowane ɓangare ya riƙe wa ɗaya linzami.

Ni kuwa a wannan fage na fi jin daɗin Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, domin ya yi aiki a fadoji da yawa, ya ga hawa ya ga sauka da idonsa. Ya ce daula tana tsufa kamar mutum. Kakanni su kafa ta da wahala da haɗin kai. 'Ya'ya su gaje ta, sun ga wahalar amma sun ɗanɗani daɗi. Jikoki su tashi ba su san komai ba sai daɗin, hidimar fada ta yi yawa, a ƙara haraji, manomi da ɗan kasuwa su karaya, kuɗin shiga ya ragu, a sake ƙara haraji, har wasu masu haɗin kai su zo daga gefe su ture su. Na shekara ina tunani a kan wannan. Abin da na fahimta shi ne ruɓewa ba ta da makawa, kowane mai mulki zai gaji ko ya lalace, ko na kusa da shi su lalace. Abin da ya rage wa mutane shi ne yadda za a sauya shi: da takobi ko da ƙuri'a. Ingila ta gwada takobi, ta yi yaƙin basasa, ta fille kan Sarki Charles na ɗaya a 1649. Ƙarni uku bayan haka Churchill ya jagorance su suka ci yaƙin duniya, a 1945 suka kayar da jam'iyyarsa a zaɓe, ya tattara kayansa ya fita, ko kaza ba a yanka ba.

Malam Habibu:
Baba, Allah ya ƙara girma. To ga inda nake tsaye yanzu, kuma ina roƙon a ba ni amsa ta gaskiya. Kun ce amfanin dimokuraɗiyya shi ne sauke shugaba ba tare da jini ba. Na ji. Paul Biya yana mulkin Kamaru tun 1982. Ana zaɓe, akwai majalisa, akwai kotu, akwai jam'iyyu. A 2008 aka cire iyakar wa'adi daga tsarin mulki. Wace ƙuri'a ce ta sauke shi? Idan akwatin zaɓe ya zama ado, ashe ba mulkin mutum gudan ba ne, sai dai an ƙara masa ƙarya? Matasan da suka fito murnar juyin mulki a Bamako a 2020, da Konakiri a 2021, da Wagadugu a 2022, da Yamai a 2023, ba littattafan falsafa suka ƙi ba. Sun ga an toshe ƙofar da aka ce musu ita ce mafita.

Hajiya Rakiya:
A nan kam ba ni da ja, Malam. Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun da aka fara. Zaɓen da mai mulki ba zai iya faɗuwa ba, ba zaɓe ba ne, kuma masu kare shi da sunan dimokuraɗiyya su ne suka fi kowa ɓata mata suna. Yana ƙona mini rai in ga ƙasashen duniya sun yi shiru ranar da ake yi wa tsarin mulki fyaɗe don tazarce, sai ranar da soja ya fito sannan kowa ya tuna da doka. Inda muka rabu da kai shi ne maganin. Wanda aka toshe wa ƙofa, gyaran ƙofa yake buƙata. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Farar hular da ya murɗe zaɓe yana da wa'adin da za a riƙa tuna masa, yana da kotun da ko ta lanƙwasa wata rana tana iya miƙewa. Wanda ya hau da bindiga, shi ke yanka wa kansa wa'adi, shi ke ƙara shi.

Ɗan'azumi:
Wace kotu ce ta taɓa miƙewa, Mama? Ai duk nasu ne.

Barista Nafi'u:
Akwai, ƙanena, kuma ba a nesa ba. A ranar 1 ga Satumba 2017 Kotun Ƙolin Kenya, ƙarƙashin Mai Shari'a David Maraga, ta soke zaɓen da aka ce shugaba mai ci Uhuru Kenyatta ya lashe. A Fabrairun 2020 kotu a Malawi ta soke zaɓen 2019 bayan an ga takardun sakamako da aka shafe da farin ruwan gyaran rubutu, aka sake zaɓe a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya kayar da shugaba mai ci. A Senegal, Fabrairun 2024, Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe, majalisa ta mara masa baya, kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba. Aka yi zaɓen ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin nan yana kurkuku, ya ci tun a zagayen farko. A Botswana kuma, a 2024 ɗin dai, jam'iyyar da ke mulki tun 1966 ta faɗi, Shugaba Masisi ya amsa shan kaye.

Koriya ta Kudun da Malam ya fara da ita ma, a ƙarasa labarinta. Shugaban hukumar leƙen asirinsa ne ya harbe Park a 1979. Wani janar ya karɓe, aka kashe masu zanga-zanga a Gwangju a 1980. Sai a 1987 jama'a suka ƙwato zaɓen shugaba kai tsaye. A ƙarshen 2016 kuwa 'yar Park ɗin ce a kan kujera, majalisa ta tsige ta, kotu ta tabbatar a 2017, ta sauka. Uba da harsashi, 'ya da hukuncin alƙalai, kuma arzikin ƙasar bai tsaya ba.

Malama Sa'adatu:
Ƙari a kan haka, ba lallai ne a tara iko a kujera ɗaya ba tun farko. Suwizalan mutum bakwai ne ke riƙe da gwamnati, shugabancin yana zagayawa shekara guda-guda. A tsarin firaminista kuma ba sai an jira shekara huɗu ba, 'yan jam'iyyar Thatcher, firaministar Birtaniya, ne suka tilasta mata sauka a 1990. Idan kujera ɗaya ta ƙunshi komai, dole neman ta ya zama ko a mutu ko a yi rai.

Ustaz Nuhu:
Shi ya sa maganar nan da ake dangantawa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo take da nauyi, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Sai dai ina ƙara tunatar da mu, Barista, alƙalan da ka ambata mutane ne. Takarda ba ta miƙewa da kanta. Maraga da abokan aikinsa suna iya yin shiru su ci gaba da cin albashinsu. Don haka Malam Habibu bai yi kuskure ba da yake neman mutumin kirki, wurin da yake neman sa ne ya yi ƙunci.

Malam Habibu:
Na gode muku duka, har ga Allah na ƙaru. Na janye maganar a sakar wa mutum guda mara, domin ba ni da amsar tambayar Hajiya ta in ya mutu fa, kuma labarin Umar ɗan Abdul'aziz ya tsaya mini a zuciya. Amma ban janye cewa haƙurin mai yunwa yana da iyaka ba, kuma duk wanda ya toshe akwatin zaɓe shi ya gayyato soja, ko ya yarda ko bai yarda ba. Barista, saura abu ɗaya da ban gane ba. A mafi yawan ƙasashen nan shugaba ne ke sa hannu a naɗin alƙalai da shugaban hukumar zaɓe. Me ya sa na Kenya da Malawi da Senegal suka iya kallon wanda ke kan kujera suka ce masa a'a, na wasu wuraren suka kasa?

Barista Nafi'u:
Na Kenya dai zan iya ba ka wani ɓangare na amsar. Bayan rikicin zaɓen 2007, wanda ya ci rayuka sama da dubu, sun rubuta sabon tsarin mulki a 2010. A ƙarƙashinsa ba shugaba ne ke zaɓo babban alƙali ba. Hukumar kula da harkokin shari'a ce ke tallata kujerar, ta yi wa masu nema tambayoyi a bainar jama'a, ta miƙa suna, majalisa ta amince, shugaba ya sa hannu. Kuma ba ya iya korarsa don ya ji haushin hukunci, sai an kafa kwamitin bincike na musamman. Kenyatta ya fusata ƙwarai a 2017, ya yi wa alƙalan kalamai masu zafi a gaban taro. Maraga ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya cika shekara 70 ya yi ritaya a Janairun 2021.